Mai Kati da Gurbin Shekara Biyar

Akwai wani hali da na tsana, kuma tun da fari zan kira shi da sunansa: mutum ya yi fushi da ɗan'uwansa har ya cire shi daga ƙidaya. A tambaye shi ku nawa ne a wurin uwarku, ya ce huɗu, alhali biyar ta haifa. Mai yin haka gani yake ɗan'uwan yake horawa. To, ku saurara ku ji abin da irin wannan tsallake ya jawo wa wani gida, ku kuma ji labarin matar da ta gano shi da fensir da tambaya. Ita nake wa jinjina yau, domin ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya a bayan taga guda.

Ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Ita ce mai ba da kati a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Kullum masu shara ba su gama ba take isowa. Ta goge dakalin tagar da tsumma, ta fiƙe fensir uku da reza, ta daki fankar ɗakin sau biyu don sai an dake ta take tashi, sannan ta ɗaga labule. Aikin da aka ɗauke ta dominsa bai wuce abu huɗu ba: suna, shekaru, unguwa, hatimi. Amma maigadin sashen ya gaya mini, in ka tsaya a tagar nan ka ce kunne ke maka ƙaiƙayi, ba za ka bar wurin ba sai ta san abin da ya kashe kakarka. Nas-nas suna kiranta Gwaggo Tambaya. Majinyata kuwa Mai Kati kawai suka sani.

Asalin tambayar tata, a shekararta ta takwas a aiki ne. Tana jera tsofaffin katuna a kanta, sai ta ga biyu masu jan layi, irin layin da ake ja wa masu ciwon daji na bayan hanci. Gida ɗaya aka rubuta a kansu, sunan uba ɗaya, shekara shida tsakaninsu. Ciwon nan ba kullum ake ganinsa ba. Abin ya tsaya mata a rai, ta kwashi katunan ta tsare likita a ƙofa yana shirin fita cin abinci.

"Likita, ciwon nan yana da ido ne? Gidaje dubu a gari, me ya mai da shi gida guda?"

Likitan ya ajiye jakarsa. Ya zana mata lungun da ke can bayan hanci, saman maƙogwaro, inda hanyar kunne take buɗewa. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da kusan kowa ke ɗauke da ita tun ƙuruciya, ta yawu ake samunta, kuma a jikin yawancin mutane kwanciyarta take yi har mutum ya tsufa ya mutu da wani abin daban.

"To in kowa yana da ita, me ya sa take tashi a kan wasu?"

"Gwaggo, jiki yana da masu gadinsa, su ke gane baƙuwar ƙwaya su tsare ta. Irin masu gadin nan kuwa gadonsu ake yi daga uwa da uba, kamar tsawo da launin fata. Wani gidan nasu idonsu buɗe yake a kan wannan ƙwayar. Wani gidan kuma ta gabansu take wucewa ba su shaida ta ba."

"Ke nan duk ɗan gidan sai ya yi?"

"A'a. Yawancinsu ba sa yi. Sai abubuwa sun haɗu: gadon, da ƙwayar, da abin da mutum ya daɗe yana shaƙa ko ci, hayaƙi, ƙurar katako, kifin da aka adana da gishiri. Amma wanda uba ko ɗan'uwansa na jini ya yi, ya fi sauran mutane kusa da shi. Da za a riƙa duba irinsu da wuri, da an ceci da yawa, don ciwon yana jin magani in bai yi nisa ba."

"Wa ke nemo irin nasu?"

Likitan ya ɗauki jakarsa, ya ce, "Babu."

Tun daga ranar ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Da bayan tsofaffin kalanda ta fara. Duk wanda aka tabbatar yana da ciwon, sai ta jawo masa kujera cikin ɗakin katin, ta nemi izninsa, ta zana gidansu: uba da uwa a sama, 'ya'ya a jere a ƙasa, kowa da ɗan da'irarsa. Ta gano cewa in ka ce wa mutum "akwai mai ciwon daji a danginku?" zai ce Allah ya kiyaye, babu. Don haka ba ta tambayar haka. Sai ta ce: wa ya taɓa yin ƙullutu a wuya? Wa kunnensa ɗaya ya toshe ya ƙi buɗewa? Wa ke yawan haɓo da girmansa? Shekaru kuma ba ta yarda da wanda aka faɗa mata da ka. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya: wa kake bi, wa ke bi maka, an yaye ka kafin a haife shi ko kuwa? Daga baya likitan ya ga kalandun sun cika kwali, ya sa aka ba ta babban littafi da takardun kira masu hatimi, wanda duk ya zo da ita a duba shi ba dogon layi.

Mai Kati, ke ce wadda ta mai da tagar kati ƙofar gidaje. Ke ce mai tambayar da ake ƙosawa da ita da safe, a dawo a gode mata bayan shekara.

Yanzu ga maganar gidan kafintoci, wadda na sani ciki da bai, don katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ubansu kafinta ne, ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce da kumburi a wuya, ba a taɓa sanin sunan abin ba. Babban ɗansa ya gaji shagon da gidan da faɗa a ji. Yaya Babba kowa ke ce masa. Mutum ne mai gaskiya a sana'a, ƙusarsa ba ta fita, amma in ya ɗaure fuska ko uwarsa sai ta zaɓi lokacin yi masa magana. Shi ya kawo ƙanensa mabiyinsa asibiti, wanda suke aiki tare, bayan kunnensa na hagu ya yi wata uku a toshe kuma wani ƙullutu ya fito masa ƙasan muƙamuƙi. Aka zura siririn bututu mai fitila ta hanci, aka ɗebi tsoka aka auna. Ciwon ne. Allah ya sa bai yi nisa ba.

Mai Kati ta jawo kujeru biyu. Majinyacin ya zauna kai a ƙasa, Yaya Babba ne ke amsawa.

"Malam, ku nawa ne a wurin tsohuwa?"

"Huɗu. Ni, sai wannan, sai mace, sai auta."

Ta zana. Ta bi shekaru yadda ta saba. Tsakanin Yaya Babba da mabiyinsa shekara biyu da 'yan watanni. Tsakanin macen da auta haka nan. Amma tsakanin majinyacin da macen, shekara biyar cur. Ta ɗora fensir a wurin, ta dube shi ta saman tabarau.

"Nan fa? Tsohuwa hutu ta ɗauka?"

"Allah ne bai kawo ba."

"Ko ɓari? Ko wanda ya koma yana jariri? Su ma ina sa su."

"Baiwar Allah, na ce miki huɗu. Kati kika zo yanka ko ƙidayar jama'a?"

"Duka biyun, Malam, albashin ɗaya ake ba ni."

Bai yi dariya ba. Ta lura majinyacin ya buɗe baki, ya dubi wansa, ya mayar ya rufe. Ta yi musu bayanin gado yadda likita ya koya mata. Yaya Babba ya kaɗa hannu.

"Wane gado? Ƙurar katako ce. Mahaifinmu a cikinta ya tsufa, wannan ma a cikinta yake. Wanda bai zauna a shago ba, ba ruwansa."

"Tana iya yiwuwa da hannun ƙura," in ji ta. "To kai fa, ba ka fi shi daɗewa a cikinta ba?"

Ta ba shi takardun kira uku, tasa da ta macen da ta auta. Da suka fita, ta koma kan littafin ta zana da'ira ta biyar a cikin gurbin nan, ba suna, ba komai. Nas ɗin da ke kusa ta ce, "Gwaggo, kin fara haifa wa mutane 'ya'ya?" Ta ce, "Ba ni na haifa ba. Ajiye masa wuri nake."

Gaskiyar maganar, akwai na biyar. Dogo ake ce masa. Tun yana saurayi ya ajiye zarto ya bi manyan motoci, ya zama direban dogon zango. Ranar da ubansu ya rasu yana can wata ƙasa, bai iso ba sai bayan kwana tara. Yaya Babba ya tare shi a ƙofar gida, ya ce wanda bai ɗauki gawar ubansa ba, ba shi da sauran abin ɗauka a gidan nan. Dogo ma ba kanwar lasa ba ne, ya mayar da baƙar magana, ya juya. Daga ranar aka hana ambatonsa. Tsohuwa in ta tuna shi sai ta shige ɗaki.

Yaya Babba ya zo aka duba shi, hancinsa fes. Ya fito yana gyara hula, ya leƙa taga ya ce, "To, mai gado, ina gadon?" Auta ma aka duba, lafiya lau. Macen, wadda tela ce, tsoron bututun ya hana ta zuwa. Mai Kati ta yi ta kiranta a waya, yau ta ce ɗinki ya yi mata yawa, gobe ta ce yaro ba lafiya. Majinyacin kuwa an tura shi wani asibitin inda ake gashin ciwon daji da na'ura, ba ta sake samunsa shi kaɗai ba. Haka wata biyar ya wuce, da'irar nan tana zaune ba suna. Nas ɗin ta ce sau da yawa takan ga Gwaggo ta buɗe shafin tana kallo, kamar mai jiran ya yi magana.

Ran da telar ta zo, a tsorace ta shigo. Mai Kati ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, ta kama hira da ita kan tsadar zare da rashin haƙurin masu kawo ɗinki. Sai can ta ce:

"Ke da kika taso cikin maza, ai kin sha gata. In yaran unguwa suka dake ki, wa ke rama miki?"

"Dogo mana! Ai shi ko..."

Ta kama bakinta da hannu. Mai Kati ta jawo littafinta. Ta juya littafin, ta nuna mata da'irar da ba suna.

"Wata biyar ke nan yana zaune a nan, ƙanwata. Ban san sunansa ba sai yau."

Telar ta fashe da kuka, ta kwashe labari duka ta faɗa. Ta ce Yaya zai tsine mata in ya ji. Mai Kati ta ce, "Ni ba sulhu nake yi ba, ba aikina ba ne. In sun ga dama su shekara ɗari ba su gaisa ba. Hancinsa kawai nake so a leƙa." Suka kira majinyacin a waya a nan take, don maganar ciwonsa ce, ba a kai ta wani wuri sai da yardarsa. Muryarsa a shaƙe saboda gashi, ya ce, "Ku nemo shi. Tun ranar nan nake so in faɗa."

Ba mai lambar Dogo. Ranar hutunta da safe Mai Kati ta ɗauki telar suka tafi tashar manyan motoci. Suka bi rumfar masu faci, suka bi ta makanikai, har suka dangana da mai shayin da direbobi ke zama wurinsa.

"Dogo? Wanne? Muna da Dogo uku. Akwai mai tanka, akwai mai rigima, akwai kurma."

"Ɗan kafinta," in ji telar.

"Shi ne kurman. Ai tun bara kunnensa ɗaya ya ɗauke. Sai ka zagaya dama kake masa magana. Ga haɓo, kullum da tsumma a aljihu. Muna ce masa ya rage shan rana."

Telar ta ce a nan ta ga Mai Kati ta nemi benci ta zauna, ita da ba ta zama a gaban maza. Ta fito da takardar kira, ta rubuta lambarta a baya, ta ce wa mai shayin, "Don girman Allah, duk sa'ad da ya sauka, kafin ka zuba masa shayi ka ba shi wannan."

Bayan kwana goma sha ɗaya wani dogon mutum ya sunkuyo a taga, ido ɗaya a kanne.

"Ke ce mai nemana har tasha? Na ce ko gado aka raba aka tuna da ni."

"Gado ne kuwa, ɗan nan, amma ba irin wanda ake so ba. Me ya sami idon?"

"In na buɗe duka biyu, hanya biyu nake gani. Sati uku ke nan na ba wani motar. Yanzu ma ku biyu nake gani, Gwaggo, kuma kowacce da fensir."

Ta yi dariya don ya yi, ta kai shi wurin likita da kanta. Abin ya riga ya ci gaba, ya haura sama ya taɓa jijiyar ido. Da aka fita da shi, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Likita, shekara talatin rabonsa da ƙurar katako."

"Na gani, Gwaggo."

"Da wata biyar ɗin nan fa? Da ya zo tare da sauran?"

"Ba zan rantse miki ba. Amma a lokacin kunne ne kawai da haɓo. Da na fi samun abin kamawa."

Ta koma ta buɗe littafin, ta rubuta sunansa cikin da'irar, ta ja jan layi. Sannan ta bi shi ɗakin jinya da fensir ɗinta, ta ce, "To, saura naka. 'Ya'ya nawa?" Ashe huɗu gare shi a wani gari, manyan biyu sun haura ashirin, gidan kafintoci ba wanda ya san inda suke. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar yaye, Dogo yana cewa, "Wallahi Gwaggo ko a kan iyaka ba a taɓa yi mini irin wannan bincike ba." Yau yaran nan huɗu suna cikin littafin. Sun san alamun da za su kula da su, manyan kuma suna zuwa a duba su. Da ba don gurbin nan da ta ƙi sharewa ba, da suna can ba su san abin da ke bin gidansu ba.

Ba gidan kafintoci kaɗai ba ne. Likitan da ke riƙe da sashen yanzu ya ce littattafanta sun kai tara, kuma akwai mutanen da ke yawo da ƙafafunsu a gari, suna aurar da 'ya'ya, waɗanda takardar kiranta ce ta kawo su tun ciwon bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce masu bincike kan gadon wannan ciwo da jini da na'ura suke aiki, amma kafin a ɗebi jinin kowa sai an san wa ya haifi wa, kuma wannan bai taɓa ganin wanda ya iya shi kamarta ba. Na tambaye ta ko ta gane yanzu abin da ya sa ciwon ya ɗauki biyu ya bar uku a ciki ɗaya. Ta ce, "Baba, har gobe ina mamaki. Likita ma ya ce ba su gama ganewa ba. Shi ya sa ban daina tambaya ba."

Mai Kati, ke ce kika ajiye wa mutum wuri tun ba ki san sunansa ba. An yi miki gatse kin shanye, an ce kin cika shisshigi kin ƙara matsowa. Ba a ƙara miki girma a takarda ba, ba a kira ki gaban taro ba. To, ni na kira ki. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa wadda za ta gaji tagar nan ta gaji fensirin har da naci. Ku kuma masu aiki a bayan taga, ko ta asibiti ko ta ina, ku dubi matar nan ku ji kunya, ku daina miƙa wa mutane takarda kuna kallon waya. Ku da ake tambaya kuwa, in an ce ku nawa ne, ku faɗi yadda uwa ta haifa. Fushinku naku ne, ku riƙe abinku in kuna so, amma jinin ba naku ba ne ku kaɗai.

Dogo ya yi wata goma sha huɗu ana fama, sannan ya cika. Yaya Babba ya je wurinsa sau ɗaya, ana saura kwana shida. Ya tsaya a gefen gado ya yi maganar da ya shekara goma sha tara bai yi ba, amma a lokacin kunne na biyun ma ya tafi, Dogo yana kallon bakinsa ne kawai yana motsi. Bayan an yi sadakar uku tsohuwa ta ɗaure kayanta ta koma gidan telar, ta ce ba ta iya kwana a inda aka rage mata ɗa. Mabiyin Yaya Babba ya warke, ya zo ya kwashi zartonsa da gudumarsa ya buɗe rumfa a wata unguwa. Auta ya bi shi. 'Ya'yan Dogo in sun zo gari, wurin kakarsu suke sauka, ba su san ƙofar Yaya Babba ba. Ƙane ɗaya a ƙasa, biyu sun bar shi, uwa ta tashi, 'ya'yan ɗan'uwa huɗu ba mai ce masa Baba. Teburin aiki uku ne a shagon nan, mutum ɗaya ke buɗe shi da safe.